Tsakanin Rarrafe da Yaye: Koko Kaɗai Bai Isa Ba

A zangunanmu, da zarar jariri ya cika wata 6 ya fara zama, sai mu haɗa masa nono da koko. Tsakanin wata 7 da 10 yakan soma rarrafe, kome ya tsinta a ƙasa sai baki. Ta nan zawo yake samun ƙofa.

Koko zalla kuwa cika ciki yake yi, ba ya gina jiki. A 1935 likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Akra, ta sanar da duniya sunan cutar kwashoko, kalmar Ga mai nufin ciwon yaron da aka yi wa ƙane.

Saboda haka, iyaye mata, mu riƙa zuba garin gyaɗa, wake ko kifi cikin kokon. Mu wanke hannun yaro, mu share tsakar gida. Nono kuma ya ci gaba har shekara 2.