Shekarar da Benin ta fi taka leda, amma Kwatano a telebijin ta kalla

Idan sakamako kaɗai za a duba, mai son ƙwallon ƙafa a Kwatano ba shi da bakin ƙorafi a kan shekarar 2025. Ƙungiyar ƙasa ta shiga ranar ƙarshe ta neman gurbin Kofin Duniya tana saman rukuninta, Afirka ta Kudu da Najeriya suna bayanta. Ta je Maroko ta ci wasanta na farko a tarihin Kofin Afirka, sannan ta ja Masar har ƙarin lokaci kafin ta faɗi. Sai dai duk cikin waɗannan wasanni babu ko ɗaya da aka buga a gabanmu. Daga Zongo zuwa filin wasa na Stade de l'Amitié da ke Kouhounou tafiyar 'yan mintoci ce a kan zemijan, amma shekarar ta zo ta wuce muna zaune kan benci a gidajen kallo da teburan masu shayi, muna ɗaga wuya muna kallon allo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ba ta amince da filin ba don manyan wasanni, shi ya sa Benin ta ɗauki wasanninta na gida ta kai Abijan. Wasanni biyar na gida a gasar neman gurbin Kofin Duniya, duka can aka yi su: Ruwanda da Najeriya a Yunin 2024, Afirka ta Kudu a Maris na 2025, Zimbabwe da Lesotho a Satumba. Wanda ya ce sai ya je da ƙafarsa, to sai ya tsallake iyaka uku, Hillacondji da Aflao da Elubo, ga kuɗin mota ga na kwana. Ɗan tireda ko mai cacanga a bakin babban masallacin Zongo, ina zai bar sana'arsa kwana huɗu don wasan minti 90? Filin nan kuwa China ce ta gina shi aka buɗe a 1982, aka sa masa sunan Janar Mathieu Kérékou bayan rasuwarsa, kuma ba a daɗe da yi masa babban gyara ba. Wannan ne ma ya fi ci wa mutane rai.

A faɗi gaskiya, Abijan ba ta yi wa yaran rowa ba. Huɗu suka ci a cikin biyar ɗin, har da wanda ba a mantawa da shi a unguwar nan, ranar 10 ga Yunin 2024, da Najeriya ta fara cin ɗaya sannan Jodel Dossou da Steve Mounié suka juya wasan ya tashi 2-1. Amma guda ɗayan da aka rasa, shi ne mai tsada. Ran 25 ga Maris Afirka ta Kudu ta zo ta ci 2-0, kuma a ƙarshen lissafi maki ɗaya tak ne tsakaninta da Benin, ita 18, mu 17. A ganina da a Kouhounou aka yi wasan nan, cikin zafin Maris da ihun mutanen gari, da Bafana Bafana ba su sha shi da sauƙi haka ba. Wani zai ce ai hasashe ne. To, a dubi Cape Verde, ƙasar da yawan mutanenta duka bai kai na birnin Kwatano ba. A gida, a Praia, ta doke Kamaru 1-0 a Satumba, a gida ta doke Eswatini 3-0 ran 13 ga Oktoba ta samu tikitin Kofin Duniya karon farko. Ita kuwa Afirka ta Kudu gaba ta kai ta: Lesotho da Zimbabwe su ma ba su da filin da aka amince da shi, a cikin ƙasarta suka karɓi baƙuncinta.

Ranar Uyo

Wanda bai san Zongo ba zai ɗauka wasan Benin da Najeriya abu ne mai sauƙin zaɓi. Ina! A layi ɗaya za ka samu wanda aka haifa a nan, takardunsa duka na Benin, Faransanci da Fon a bakinsa kamar Hausa, amma kakansa daga Kano ko Sakkwato ya zo fatauci. Kusa da shi ga ɗan Maraɗi ko Dogonduci da ke harkar kaya a tashar jiragen ruwa, ga Dendawan Jugu da Kandi, ga wanda bara-bara ya tsallako ta Seme da rigarsa kore da fari. A gida ɗaya uba na Super Eagles, ɗa na Guépards. Kuma shi kansa kocin ya dace da unguwar, don Gernot Rohr ya horar da Mena ta Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya riƙe Najeriya daga 2016 zuwa 2021, sannan ya karɓi Benin a 2023. Kowane ɓangare na Zongo yana da tsohon bashi ko tsohuwar godiya a wurin dattijon nan.

Kafin ranar, abubuwa sun yi ta faɗowa Benin a hannu. FIFA ta ƙwace wa Afirka ta Kudu maki uku saboda ta sa Teboho Mokoena a wasanta da Lesotho alhali yana da dakatarwa. Ran 10 ga Oktoba Tosin Aiyegun, wanda shi ma haifaffen Legas ne, ya ci ƙwallo ɗaya tilo a Kigali. Aka wayi gari Benin na da maki 17, Afirka ta Kudu 15, Najeriya 14. Nasara a Uyo, shi ke nan, ƙasar da ba ta taɓa zuwa Kofin Duniya ba ta tafi.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan La'asar aka take wasa. Minti uku kacal Victor Osimhen ya zura ta farko. Kafin hutun rabin lokaci ya ƙara da ka, da aka dawo ya cike ta uku, tun ba a kira Magariba ba magana ta ƙare. Frank Onyeka ya ƙara ta huɗu ana dab da tashi. Wannan 4-0 ita ta jefa Benin mataki na uku, don maki 17 ne da ita da Najeriya, yawan ƙwallaye ya raba su. Ko wasan cike gurbi ba a samu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a wasan nan shi ne yadda aka shige shi. Ƙungiyar da ta yi wasa uku a jere ba a ci ta ko ɗaya ba, ta zo ta bar wa ɗan wasan gaba mafi haɗari a Afirka fili tun ba a yi gumi ba. Tsarin Rohr tsari ne na a tsare gida a jira dama, kuma irin wannan tsari da zarar an riga ka ci, ba shi da wata dabara ta biyu. A daren, 'yan kore da fari sun yi ta tsiya, “ƙane dai ƙane ne” kake ji ko'ina. Wata guda bayan nan Kwango ta fitar da Najeriya a bugun fenariti a Rabat, sai tsiyar ta juya: kun hana mu, ku ma ba ku je ba. Har yau idan shayi ya yi daɗi ana tayar da wannan shari'a, kuma ba a taɓa yanke ta ba.

Maroko

Don a gane abin da 1-0 a kan Botswana ke nufi, sai an koma baya. Benin ta je Kofin Afirka a 2004 da 2008 da 2010 da 2019, wasa 14, babu nasara ko ɗaya. Har a 2019 da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Masar, da kunnen doki ta kai: uku a rukuni, na huɗu da Maroko, ranar da Hakim Ziyech ya ɓarar da fenariti ana shirin tashi, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida Benin ta wuce. A lokacin sunan ƙungiyar Écureuils, wato kurege. A 2022 ne aka ce kurege ba ya tsorata kowa, aka koma Guépards, dabbar nan mai kama da damisa da ta fi kowace gudu. Mu dai da muka tashi da tatsuniya mun san kurege ba abin rainawa ba ne, amma a bar wannan.

Wasan farko a Maroko Kwango ta ci 1-0, kuma na'urar VAR ta samu matsala daidai lokacin da 'yan Benin ke neman a duba musu taɓa ƙwallo da hannu a cikin da'ira. Sai ran 27 ga Disamba, a wasa na 16, ɗan wasan baya Yohan Roche ya ci Botswana, aka riƙe ta har ƙarshe. Ba wasa ne mai kyau ba, kuma Botswana ba wata giwa ba ce, amma an shekara 21 ana jiran wannan rana. Senegal ta zo ta yi mana 3-0, duk da haka maki ukun nan sun isa a wuce cikin waɗanda suka fi kyau a mataki na uku.

Wasan da ya fi cancanta a tuna shi ne na Agadir, 5 ga Janairun 2026. Masar mai kofi bakwai, da Mohamed Salah da Omar Marmoush, ta yi fiye da awa ɗaya tana neman hanya kafin Marwan Attia ya ci daga nesa. Saura 'yan mintoci a tashi Dossou, wanda ya haura shekara 33, ya farke. A ƙarin lokaci Yasser Ibrahim ya ci da ka, Salah ya rufe da ta uku a bugun ƙarshe, lokacin da kowa ya tafi neman farkewa. An faɗi 3-1, amma wannan faɗuwa ba irin ta Uyo ba ce, an fita da mutunci. Da Najeriya ta doke Masar ɗin a fenariti ta ɗauki mataki na uku, maƙwabtanmu suka ce sun rama mana. Ba wanda ya aike su.

A gefe guda kuma akwai ƙwallon cikin gida, wanda kunya ce a faɗi yadda muka yi watsi da shi. Tambayi yaro a Zongo jerin 'yan wasan Barcelona ko Arsenal, zai zayyano maka har masu jiran canji. Tambaye shi wa ya ɗauki kofin Benin a 2025, sai ya sosa ƙeya. Dadjè ce ta Aplahoué, bayan Coton ta Ouidah ta riƙe shi shekara uku a jere. Ƙungiyoyin da ke ɗauke da sunan birnin nan, Requins de l'Atlantique da ta yi tashe a shekarun 1980 da ASPAC ta tashar jiragen ruwa da ta ci kofi a 2010 da 2012, sun koma 'yan rakiya. Birni mafi girma da kuɗi a ƙasa, kofi yana ta zagaya ƙananan garuruwa. Wasu 'yan unguwar ma, musamman 'yan Nijar, kokawar takobi ta ƙarshen shekara ta fi ɗauke musu hankali, a waya suke bin ta, kuma ban ga laifinsu ba.

To me ake fata kafin a koma fage? Na farko dai filin Kouhounou. Kofin Afirka na 2027 a Kenya da Tanzaniya da Uganda za a yi shi, kuma wasannin neman gurbi na tafe. Idan aka sake kai su Abijan, za a samu yaran da suka shiga makarantar sakandare suka kusa fita ba su taɓa ganin ƙungiyar ƙasarsu a wasan gasa ido da ido ba. Gwamnati ta gina filaye 22 a ƙananan hukumomi, abin a yaba ne, amma guda ɗaya da CAF za ta sa wa hannu shi ne ke kawo Najeriya ko Senegal cikin gari. Kuma ba maganar kallo ce kawai ba. Ranar babban wasa mai zemijan yana samu, mai ruwan leda yana samu, mai cacanga yana ƙarar da namansa tun kafin Isha. Shekara biyu ke nan wannan ciniki yana tafiya aljihun mutanen Abijan.

Sai maganar magada. Mounié, kyaftin ɗin da aka haifa a Parakou, ya haura 31, Dossou ya girme shi. Su biyun ne suka ci Najeriya a 2024, Mounié ne ya ci Zimbabwe a Satumba, Dossou ne ya farke a Agadir. Kofin Duniya na gaba sai 2030, kuma da wuya a ce waɗannan ƙafafu ne za su kai mu. Akwai matasa irin su Junior Olaitan da Andréas Hountondji da Dodo Dokou, amma har yanzu ba a ga wanda za a ce idan an shiga uku shi za a miƙa wa ƙwallo ba. Shi kansa Rohr ya haura 72. Ni ina cikin masu cewa a bar shi ya ci gaba, don kafin zuwansa Benin ta rasa Kofin Afirka na 2021, shi ma na 2023 ya kuɓuce masa, sannan ya gina abin da muka gani. Amma a sa masa sharaɗi: ya riƙa zama a filin René Pleven na Akpakpa yana kallon wasannin lig, a kuma ajiye masa ɗan ƙasa a gefe wanda zai gaje shi.

Na ƙarshe namu ne na unguwa. Zongo ta cika ta batse, shago a kan shago, babu wani fili na kirki da yaro zai buga ƙwallo. A kan kwalta ake yi, da duwatsu biyu a matsayin raga, ana tsayawa duk lokacin da mota za ta wuce, ko kuma a gangara bakin teku ranar Lahadi. Idan Azumi ya zo, kowa ya san yadda samari ke raba dare suna wasa bayan Tarawihi. Unguwar da ke da manyan 'yan kasuwa masu shigo da kaya kwantena-kwantena ba za ta rasa mutum biyar da za su haɗa kuɗin riguna da ƙwallaye da hayar fili, su yi wa ƙungiya ɗaya ta matasa rajista a hukumar ƙwallon ƙasa ba. Kuɗin bai kai na ragunan Layya da wasunsu ke rabawa duk shekara ba.