Na'urar Daidaita Zafi: Daga Duron Kaji Zuwa Tukubar Kawu

Duk wanda ya bi ta bayan wokshof a zangon da ya wuce ya ji ƙamshin kaza da rana tsaka, to ba walima aka yi ba, furojet ɗina ne. Tun daga lokacin ake tare ni ana tambaya, wai da gaske na haɗa injin da ke gasa nama shi kaɗai? A'a. Abin da na haɗa na'ura ce mai riƙe zafin murhun gawayi a kan lambar da ka zaɓa, kuma ba kowane murhu take iya riƙewa ba. Tunda 'yan ND 1 sun kusa fara neman taken furojet, bari in faɗi yadda abin yake.

Ni ɗan Galadi ne, kawuna kuma mahauci ne a Shinkafi. Tsire da balangu yake yi, in an samu biki ko suna ya karɓi aikin gasa kaji a cikin duro. A hutun bara na taya shi wani aiki na kaji arba'in. Aka kira shi wani ciniki, ya bar mini wuta, ni kuma na shagala da waya. Iska ta taso, kafin in farga kaji goma sha ɗaya sun ƙone ta waje, cikinsu kuwa da sauran jini. Da kuɗinsa ya sayo wasu. Bai ce mini komai ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da aka ce mu kawo take, wannan ranar ce ta faɗo mini a rai.

Abu na farko da za ka gane shi ne, gawayi ba shi da makunnin da za ka murɗa kamar na gas. Iska ce ke tafiyar da shi. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne, shi garwashi ke ci. Ka ba shi da yawa ya yi ja, ka hana shi ya lafa. Maƙeran garinku sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke da zugazugi. Na'urar nan zugazugi ce kawai wadda aka yi wa ido da ƙwaƙwalwa.

Idon shi ne ma'aunin zafin da muke kira tamokoful, samfurin K. Wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu. In bakin ya ɗau zafi sai ya fitar da 'yar wutar lantarki, kusan maikurobolt 41 a kan kowane digiri ɗaya. Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano wannan tun 1821. Wutar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, don haka sai ta bi ta MAX6675 ya mayar da ita lamba, sannan Arduino ya karanta ya yanke shawarar gudun da fanka za ta yi. Fankar kuwa daga wata matacciyar kwamfuta na ciro ta, mai bolt 12, na ɗaura ta a bakin bututun da ke shiga ƙasan murhu. Batirin babur ke jan komai, don kun san halin wutar lantarki a nan.

Da farko na rubuta umarni mai sauƙi: in zafi ya gaza 150 fanka ta tashi, in ya kai ta tsaya. Bai yi ba. Garwashin da aka zuga ba ya hucewa don ka daina zuga shi, sai zafin ya wuce, ya dawo ƙasa, ya sake wucewa. Nan ne lissafin PID da muke haddacewa don jarrabawa ya yi mini ma'ana. Ka duba ɗan kabu-kabu in zai sauke ka a ƙofar makaranta: ba ya jira sai ya iso sannan ya taka birki. Yana kallon nisan da ya rage, yana kallon gudun da yake yi, ya fara sassautawa tun daga nesa. P na kallon tazarar da ke tsakanin zafin yanzu da wanda kake so, I na tara tsawon lokacin da tazarar ta ƙi rufewa, D na kallon saurin da zafin ke hawa. Nicolas Minorsky, wanda ya rubuta wannan lissafi a 1922, shi ma matuƙan jirgin ruwa ya zauna ya lura da yadda suke juya sitiyari.

A duro mai murfi na fara gwaji, kuma a nan ne na'urar ta fi jin daɗi, amma sai da na sha wahala. Fanka a kashe, zafi na ta hawa. Kwana biyu ina zargin Arduino, ashe murfin ne bai zauna daidai ba, ga kuma ramukan tsatsa a gindin duron, iska na shiga ta inda ta ga dama. Na'urar tana iya ƙara zafi, amma ba ta da hanyar sanyaya wuta sai dai ta hana ta iska. In akwai wata ƙofa da ba ta hannunta, aikinta ya ƙare. Da na liƙe ramukan da laka na daidaita murfin, sai ga duro ya zauna kusa da 150 har kaji suka nuna. Wani abin kuma, duk lokacin da ka buɗe murfi don leƙawa, ma'auni zai ga sanyi, fanka ta tashi da ƙarfinta, ga iskar waje ta riga ta shiga, kana rufewa sai wuta ta haukace. Dole na ƙara umarni cewa in zafi ya faɗi farat ɗaya, fanka ta dakata minti uku. A Amurka, masu gasa ƙirjin sa a Tekzas kan riƙe murhu a wajen digiri 110 zuwa 120 sama da awa goma, kuma irin wannan na'urar ake sayar musu. Dogon gashi a rufaffen wuri, shi ne gidanta.

Da na ga ta yi a duro, sai girman kai ya kama ni. Na ɗauke ta yadda take na kai wa wani mai bandar kifi a nan Ƙaura, mai murhun laka. Na sa mata 80. Laka ba ƙarfe ba ce, tana daɗewa kafin ta ɗau zafi, in ta ɗauka kuma ba ta saki da wuri. Na'ura ta ga lamba ta ƙi motsi, ta yi ta zuga wuta. Kafin ma'auni ya nuna 80 itacen ya riga ya kama sosai, zafi ya zarce 120, tarwada ta fashe, mai na ɗiga cikin wuta. Ni na biya kifin, daga kuɗin abincin wata. Gyaran shi ne rage lambar I, a kuma hana fanka wuce rabin gudunta. Sannan da yake itace ake sawa ba gawayi ba, in fanka ta tsaya cak sai ya turnuƙe da farin hayaƙi mai sa kifi ɗaci, don haka na bar ta tana juyawa kaɗan-kaɗan ko da zafi ya kai. Mai son ɗaukar wannan ɓangaren ya nemi bayanin murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a wata unguwar masunta a Accra ta ƙasar Ghana a 1969, mai tire-tire da ake jerawa bisa juna. Ina ganin zai karɓi fanka fiye da murhunan da muke da su.

Tukubar tsire kuwa, kunya na sha. Tukuba a fili take, iskar duniya duk tata ce. Ma'auni na tsalle daga wannan lamba zuwa waccan duk sanda iska ta kaɗa, fanka kuma ba abin da ta ƙara sai toka da ta watsa wa naman mutane. Kawu ya kalle ni ya ce, "Ɗana, wanga abu naka cire shi. Ita wuta nan ba a taɓa ta, tsinke a ka matsawa." Gaskiyarsa. Mai tsire nisan tsinke da wuta yake sarrafawa, da juyi, da ido. Haka ragar balangu, haka ɗan gashin da ake yi wa kilishi bayan ya sha labu ya bushe. Ban ga inda na'urar za ta shiga ba, kuma haka na rubuta a rahotona, duk da wani abokina ya ce in share wannan shafin kada ya rage mini maki.

Ga masu son gwadawa: ku sa bakin ma'auni daidai tsayin raga, kada ya taɓa ƙarfe ko nama. Kuma zafin murhu daban, zafin cikin nama daban. Kaza ba ta nuna ba sai tsakiyar tsokarta ya kai digiri 74, don haka ma'auni na biyu yana da amfani. Don Allah kada wani ya kunna gawayi a ɗakin hostel ya rufe ƙofa. Gawayi na fitar da kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Bayan difens zan kai wa Kawu duron da na'urar, ya ce zai gwada ta a aikin Sallah. Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk kazar da ta ƙone, ni zan biya.