Ka Daina Jan Ɗigo da Hannu, Ka Bar wa Lissafi

Duk ɗalibin da ya taɓa zana lanƙwasasshen layi a AutoCAD ko FreeCAD ya san wahalar nan: ka ɓata awa biyu kana jan ɗigo da linzami, sai sufabaiza ya ce a ƙara tsawo, komai ya wargaje. Maganin shi ne ka ɗaure kowane ɗigo da fomula.

Layin nan da ake kira sifilain, asalinsa siririn katako ne da masu ƙera jiragen ruwa ke lanƙwasawa, suna danne shi da dalma. Daga baya Paul de Casteljau na kamfanin Citroën, a 1959, da Pierre Bézier na Renault suka mayar da shi lissafi don zana jikin mota.

Mu ɗauki misali daga gida: kwale-kwalen da ke jigilar mutane da buhunan shinkafa a Kogin Kwara, wajen Lolo ta ƙaramar hukumar Bagudo, kan iyakar Benin. A ce furojet ɗinka zana gefensa ne. A FreeCAD, wanda kyauta ake sauke shi, ka buɗe jadawali ka sa tsawo T = mita 9, faɗi F = T/6. Sai ka dasa ɗigo biyar: a 0, T/4, T/2, 3T/4 da T. Nisan na tsakiya daga layin tsakiyar jirgin ya zama F/2, na kusa da shi biyu kuma 0.4 sau F. Yanzu in an ce tsawo ya koma mita 12, lamba ɗaya za ka canza, faɗi ya koma mita 2 da kansa.

Amma fa a kula, nan ne da yawa ke faɗawa rami. Ɗigo iri biyu ne. Akwai wanda layi ke ratsawa ta kansa, akwai kuma ɗigon jagora, wanda janyo layin kawai yake yi kamar maganaɗisu, ba ya taɓa shi sai a farko da ƙarshe. In ka ɗora F/2 a kan ɗigon jagora, jirgin zai fito da ƙarancin faɗi fiye da abin da ka rubuta. A takarda, maki ne za ka rasa ranar difens. A ruwa kuwa, jirgin da ya tsuke ya fi saurin kifewa.

Don haka bayan kowane canji, ka auna faɗin layin kansa, kar ka tsaya ga lambar da ke jadawali.