Zinder: Yadda ake noman kayan miya cikin buhu da jarka a tsakar gida

Kowa a Damagaram ya san ruwa shi ne babbar matsalar garin. Zinder na zaune ne a kan dutse, abin da ya sa ake jawo ruwan sha daga wajen gari, kamar Gogo-Machaya da Aroungouza. Ƙarancin ruwan na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Saboda haka mazaunin unguwar Zango da ke sayen ruwa wajen ƴan garuwa zai iya ganin lambu a gida kamar almubazzaranci ne. Amma shuka cikin buhu, jarka ko tsohon bokiti lissafinta daban ne.

Idan aka zuba ruwa a ƙasa mai rairayi, yawancinsa nutsewa yake yi ko ya bazu inda saiwa ba ta kai ba. A cikin mazubi kuwa, ruwan na tsayawa kusa da saiwar. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, wadda ta taimaka aka fara irin wannan noma a Dakar a 1999, ta ƙiyasta cewa mita ɗaya murabba'i na iya ba da gindin salati 36 cikin kwana 60.

Amfani na biyu shi ne ana iya ɗaukar shukar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai a matsar da ita inuwar katanga da rana tsaka. Ana iya ɗora ta kan benci don awaki. Ɗan haya ma idan zai tashi, da lambunsa zai tafi.

Me ake buƙata?

Jarka mai lita 20 da aka yanke samanta ta isa gindin tumatir, tattasai ko attarugu guda. Salati da alayyafo ba su da doguwar saiwa, zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe su. Dole a huda gindin mazubin, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar man fetur ko maganin ƙwari.

A haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki da ɓawon gyaɗa. Ɓawon yana sa ƙasar ta yi sako-sako, mazubin kuma ya rage nauyi. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, sai a bari ya ruɓe tukuna.

Mai amfani da buhu zai iya jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama, don ruwa ya ratsa ko'ina, sannan ya huda gefuna ya dasa. Haka ake yi a unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda fili ya yi ƙaranci.

Ban ruwa da lokacin shuka

A ba da ruwa da sassafe ko da yamma, bayan an taɓa ƙasar an ji ta fara bushewa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna yi, amma banda mai sabulu ko gishiri.

Salati da tumatir sun fi son sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina sai a koma kuɓewa, yakuwa da alayyafo. Idan ƙwari sun bayyana, a daka ganyen bedi, wato dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace a fesa.

Jarka biyar ba za su maye gurbin lambunan Mirriah ko kasuwar Dole ba. Amma suna rage kuɗin cefane, kuma uwargida ta san irin ruwan da ya shayar da ganyen da yaranta ke ci. Mai son gwadawa ya fara da mazubi biyu, ya lissafa ruwan da suka sha cikin wata guda kafin ya ƙara.