Gidan Ɗan Hausa: Tsohon gidan ƙasa da ya rayu da tarihin boko a Kano

A unguwar Nasarawa da ke wajen ganuwar Kano akwai wani gidan ƙasa mai zankwaye da katanga mai kauri, wanda ya haura shekara 100 a tsaye. Ana kiransa Gidan Ɗan Hausa, amma mutumin da gidan ya ci sunansa ba Bahaushe ba ne.

Tun kafin zuwan Turawa, Nasarawa gandun Sarkin Kano ce, inda sarki ke da gona da gidan hutu. Bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a 1903, sai sababbin masu mulkin suka yi sansani a yankin, kuma a nan ne aka ba Hanns Vischer mazauni.

An haifi Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Ya fara shigowa ƙasar Hausa tare da 'yan mishan, daga baya ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka a Borno. A 1906 ya ƙetare Sahara tare da ayari, daga Tarabulus ya bi ta Murzuk da Bilma har zuwa Borno. Iya Hausarsa da sanin al'adun mutane ne suka sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

A 1909 ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a nan Nasarawa. Ya fara da malamai waɗanda suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, sannan 'ya'yan sarakuna suka biyo baya. Da Hausa ake koyarwa, a rubutun boko, ana kuma koyar da sana'o'in hannu. Ba a yin wa'azin Kiristanci, domin iyaye su sami natsuwa. Matarsa Isabelle ta zauna tare da shi a gidan, har ta rubuta littafi da Faransanci a kan rayuwarta a Arewa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba Vischer da Kano, kuma ya rasu a 1945. Bayansa wasu jami'an Turawa sun ci gaba da amfani da gidan. Yau yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, inda aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi.

Sai dai ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Tubali da azara suna buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, ga shi magina masu wannan sani suna ƙaranci, domin siminti ya karɓe kasuwa. Ganuwar Kano, wadda ruwa da masu gine-gine suka cinye sassa da dama nata, ta isa darasi. Idan ana son ɗaliban gobe su ga inda karatunsu ya samo tushe, dole a ware kuɗin gyaran gidan duk shekara, a kuma horar da matasan magina tun dattawan sana'ar suna raye.