Inzayim Mai Rushe Barasa Da Amfaninsa A Ɗakin Gwaje-Gwaje

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ake auna barasa da inzayim ɗin nan mai suna alkohol dihaidirojinas, wato ADH a taƙaice, sa'an nan mu nuna inda awon kan yaudari mai yin sa. Shi dai inzayim furotin ne da ke gaggauta sauyin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba.

2.0 Asalinsa Da Aikinsa

Akan sami ADH a hantar mutum da ta dabba, da kuma cikin yis. A 1937 Negelein da Wulff suka tace shi daga yis a Jamus, a 1948 kuma Bonnichsen da Wassén suka tace na hantar doki a Suwidin. Aikinsa shi ne ya zare haidirojin daga itanol, wato barasar da ke cikin giya, ya mai da shi asitaldihaid. Abin da ya zare kuwa sai ya miƙa wa abokin aikinsa NAD+, wanda nan take kan koma NADH.

3.0 Yadda Ake Awon

Hikimar awon ita ce, NADH yana shanye haske mai tsawon zango nanomita 340, amma NAD+ ba ya shanye shi. Saboda haka akan haɗa ruwan jini ko abin sha da ADH da NAD+, a sa a na'urar auna haske. Gwargwadon hasken da ya ragu, gwargwadon barasar da ke ciki. Sai dai sauyin yakan so komawa baya, don haka akan riƙe ruwan gwajin a wajen pH 9, a kuma zuba sinadarin semikabazaid ya kame asitaldihaid ɗin.

4.0 Inda Ake Tuntuɓe

Ya kamata mu lura cewa na'urar ba barasa take gani ba, NADH take gani. Idan sinadarin laktet da inzayim ɗin da ke sarrafa shi, wato LDH, suka yi yawa a jini, kamar yadda kan faru bayan mummunan rauni ko mutuwa, su ma sai su haifar da NADH. Ta haka za a iya ɗora wa direban da bai sha kome ba laifin maye.

5.0 Kammalawa

A ganinmu, wannan hanya mai sauri ta wadatar wajen koyarwa da binciken farko. Amma duk sakamakon da za a kai gaban alƙali, wajibi ne a tabbatar da shi ta hanyar gas kuromatogirafi, wadda ke ware kowane sinadari daban.