Ba Kowane Jini A Bayan Gida Ne Basur Ba

Bara mun rasa wani abokin fataucinmu, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu yana ganin jini a bayan gida, yana shan jiƙon basur a kasuwa. Sai da ya rame ƙwarai aka kai shi Yamai, likita ya ce sankara ce ta babban hanji, kuma ta riga ta kama hanta.

To, mece ce wannan cuta? Wani ɗan tsiro ne yake fitowa cikin hanji, ya yi shekaru ba ciwo, sannan ya rikiɗe ya zama sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 ta kama mutum wajen miliyan 1.9, ta kashe fiye da 900,000. Alamunta su ne jini a kashi, zawo ko taurin ciki da ya ƙi wucewa, rama ba dalili, da ƙarancin jini. An fi ganinta ga wanda ya haura 50, ko wanda aka taɓa yi a danginsa.

Matsalarmu a nan ita ce nisa da kuɗi. Awon da ake zura na'ura a leƙa hanji sai a manyan birane. Gashi na sankara kuwa, sai a 2021 Nijar ta buɗe wurin yin sa na farko, a Yamai. Daga Maradi tafiyar fiye da kilomita 600 ce, ga masauki, ga magani, yawanci daga aljihun mai ciwo. Amma in an gane ta da wuri, ana yanke wurin mutum ya warke.

Wata magana kuma, ko da ta shafi sana'armu, gaskiya ce. A 2015 masana na waccan hukuma sun ce naman da aka sarrafa don ajiya yana haddasa ta, kuma ana zaton yawan cin jan nama ma haka. Ba a ce a bar nama ba, a dai rage, a haɗa da wake da ganye, a bar taba.

Jama'a, in sa ya fara zawon jini ba mu kwana ba mu nemo malamin dabbobi ba. Ran mutum bai fi na sa ba? Wanda ya ga jini ya aje kunya ya je asibiti, ko da zai sayar da maraƙi. Allah ya ba mu lafiya, amin.